Makiyayarmu Tana Cikin Gona

 Ɗana, na ji daɗi da ka gama karatun aikin gona ka dawo gida, ba ka tsaya birni neman kujera ba. Gonar mahaifinka, Allah ya jiƙansa, tana bukatar mai ita. Na kuma ji abin da kake gaya wa 'yan'uwanka samari, cewa mu nan ƙasar Kano ba mu da makiyaya, shi ya sa kiwonmu ba ya gaba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma zauna mu juya ta tare. Ba faɗa zan yi maka ba.

Na san hoton da ke ranka. Littattafan Turanci da kuka karanta, in sun ambaci wurin kiwo, fili suke nufi shimfiɗaɗɗe, kore shar, an kewaye shi da waya. Ciyawar ma shuka ta ake yi, a ba ta taki, a rarraba filin kashi-kashi. Shanu su cinye wannan, a mai da su na gaba, wancan ya huta ya sake toho. Haka abin yake a Ingila da Holan. Allah ya ba su ruwan sama kusan kowane wata. Mu namu na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, wata shekarar ma bai cika hakan ba. Sauran watannin sai rana da iska. In ka ɗauko mudun can ka auna nan, dole ka ce ba mu da komai.

To amma bi hanyar Daura daga Kano zuwa Dambatta a tsakiyar damina. Gona na manne da gona. Babu saura, babu daji. Sai ka ratse ka shiga kowane gida. Ga awaki, ga tumaki, ga jaki a turke, wani gidan har da bijimai biyu na huɗa. Ran Lahadi ka leƙa kasuwar Dambatta ka ga dabbobin da ƙauyukan nan suke fitarwa. Me suke ci? Wani abu dai suke ci, tun da ga su da rai, suna haihuwa.

Amsar ita ce makiyayarmu ba waje ɗaya take zaune ba. Tana tafiya ne da shekara.

Da an yi shuka, mai unguwa zai sa a yi shela, kowa ya ɗaure dabbarsa. Daga ranar nan akuya ba ta zuwa wurin ciyawa, ciyawa ce ke zuwa wurinta. Ka tuna kana yaro, in an taso daga noma, babu mai dawowa hannu rabbana. Harkiya, kyasuwa, yaɗiya, duk abin da fartanya ta tumɓuke a gindin gero, a karkaɗe ƙasar a ɗaure a ɗoro a ka. Abin da yake ɓarna a gona da safe, shi ne abincin tunkiya da yamma. In dawa ta girma a zage karmami daga ƙasa a kawo. A nan ka riƙe wata 'yar magana: kada ka bar dabba ta ci ƙaramin tohon dawa, musamman wanda ya sha fari. Yana da guba, yakan kumbura ciki ya kashe nan take.

Kaka ita ce lokacin arzikin dabba. Nan nake so ka buɗe ido sosai. Manomin kirki ba ya jira sai ganyen wake ya bushe ya kakkaɓe. Yana tsince waken, sai ya yanke jikin tun da sauran kore. Ya bar shi ya sha iska kwana kaɗan. Sa'an nan da sassafe, raɓa ba ta gama tashi ba, ya naɗe shi dunƙule-dunƙule. Dalilin sammakon, da danshi ganyen ba ya karyewa. In rana ta take, kana taɓawa sai ya zube, a bar ka da tsirarar jijiya. Ganyen nan kuwa shi ne naman harawa. Daga nan a ɗora ta kan soro, ko a saƙale ta a reshen bishiya inda bakin akuya ba ya kai. Ta gyaɗa ma haka, ita ce ma ta fi tsada. Kara a yanke, a ɗaure, a jingine. Kowar wake a zuba a buhu. Ko ƙaiƙayi ba a zubarwa. Wanda ya ga harawa jere kan soraye a watan Nuwamba, ya ga makiyayar ƙasar Kano an naɗe ta an ajiye.

In an gama kawar da amfani, sai a saki dabbobi. Ranar nan iyakokin gonaki sun kwanta barci. Akuyar talaka tana kala a gonar mai kuɗi, ba mai cewa don me. Wannan tsohuwar al'ada ce, kuma mai kyau. Da sanyi ya shigo sai gawo ya karɓi aiki. Ka san halinsa, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Bai tare wa gero rana ba, ga shi kuma yana zubo 'ya'ya daidai lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau. Bazara ce mai wuya. Lokacin ne ake gane wanda ya yi tanadi. Harawar da aka adana, dusa, angurya, ɗan tunkuza, 'yar kanwa a ruwa, da su ake lallaɓa dabba har ruwa ya sauko.

Ita dabbar kuma ba ta ci banza ba. Duk watannin da ta yi a turke, taki take tarawa. A haɗa da toka da sharar gida. Kafin ruwan fari a loda a mangala, jaki ya yi ta jigila, a zuba tsibi-tsibi a gona. Tsakanin gona da turke tamkar adashi ne: gona ta zuba da kaka, dabba ta zuba da bazara, kowa ya kwasa in layinsa ya zo. Muddin ba wanda ya fasa zubi, ba wanda zai yi kuka.

Kada ka ɗauka mu kaɗai muke yabon abinmu. Tun 1851 Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa ƙasar Kano yana mamakin albarkarta. Daga baya wani Baturen Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya kwashe shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da birni. Ya fara da gundumar Ungogo a shekarun 1960. Tun lokacin ya tarar sama da kashi 80 cikin ɗari na ƙasar ana nome ta duk shekara, ba hutu. Masana da yawa sun zaci irin wannan ƙasa mutuwa za ta yi. Ba ta mutu ba. A shekarun 1990 wata mai bincike, Frances Harris, ta zauna da manoman Tumbau ta wajen Gezawa, tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita. Abin da ta samu shi ne wanda kakarka ta sani ba tare da ma'auni ba. Wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Awaki da tumaki su ci harawarsu. Taki ya koma gona. Har ƙurar hunturu da muke tsaki da ita tana ɗan kawo nata gudummawar.

Na ambaci kakarka da gangan. Yawancin awaki da tumakin ƙauyukanmu na mata ne. Da akuya ake haɗa kayan ɗakin yarinya. Da ita ake sayen magani in ciwo ya zo tsakar dare. Jar akuyar nan da kake gani, fatarta ce tun zamanin ayari ake ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko alhali daga ƙasar Hausa ta fito. Don haka duk shawarar da za ka yanke a kan kara da harawa da sakin dabbobi, ka sani ta shafi asusun iyayenka mata, ko da ba su zo zauren da ake maganar ba.

Yanzu mu zo kan Fulani.

A zamanin da muka taso, in kaka ta wuce, manomi ne ke zuwa ruga da goronsa. Roƙo yake zuwa yi, a zo a zauna masa a gona. Shanu su ci kara, su kwana a wurin, bayan kwanaki a matsa da mashekari gaba, har gonar ta samu taki ko'ina. Mai gona ya ba da damin gero ko na dawa. Matan ruga su shigo gari da nono da man shanu, su koma da hatsi. Yaranmu da nasu tare suke wasan langa. Ana saɓawa, ba na ce ba a yi. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Amma kowa yana bukatar ɗan'uwansa, shi ya sa faɗan ba ya nisa.

Abubuwa da dama ne suka taru suka sassauta igiyar nan, kuma ba mugunta ce ta kawo su ba. Takin zamani ya zo, manomi ya ga ba sai ya je ruga ba. Kara da harawa suka yi daraja, ana loda su a mota zuwa birni, musamman gab da Babbar Salla, lokacin da kowa ke turka rago. Abin da ake bari kyauta ya zama kuɗi. Farin 1973 ya zo, na 1984 ya biyo baya, ga annobar bushiya ta 1983 da ta kwashe shanu. Aikin madatsun ruwa da aka faro zamanin Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ya ba mu Tomas da Gari da Watari da Jakara. Alheri ne babba, mutane da yawa sun daina tafiya cin rani saboda su. Sai dai fadamun da shanu ke fakewa da rani sun koma lambun tumatir da albasa. A 1979 gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Talaka ya numfasa, Bafulatani ma haka. Amma a ganina wani abu ya tafi tare da jangalin. Da, hukuma tana da dalilin lallashin mai shanu ya zauna a ƙasarta, tana kuma da dalilin tsare masa hanya. Bayan nan sai dalilin ya ragu. A kan duk wannan ga yawan jama'a. Ƙidayar 1991 ta ba jihar Kano mutum miliyan 5.8. Ta 2006 ta ba ta miliyan 9.4. Ƙasa kuwa ba ta ƙaru ko da taki ɗaya ba. Gonar da kakanka ya noma shi kaɗai, yau gida nawa ke ci a cikinta?

Duk wannan na faɗa maka ne don in iso ga burtali.

Gonarka ta gabas tana bakinsa. Ka san shi, rairayi mai zurfi, sawun kofato a kan sawun kofato, shingen aguwa dama da hagu. Muna yara garke biyu suna iya giftawa a ciki ba su gogi juna ba. Gefensa ciyawa ce, nan yaran gari ke kai tumaki da damina. Shi ne hanyar shanu zuwa mashaya, shi ne kuma hanyarsu in za su yi arewa da damina ko su gangaro da kaka. A ƙasa irin tamu da ba ta da daji, burtali da ɗan hurumin bayan gari su ne kaɗai filin da ya rage na kowa da kowa.

Na lura aguwar gefenka ta mutu a wurare da dama. Na kuma san abin da zuciya ke raya wa mai gona in ya zo huɗa ya ga shinge ya faɗi. Kunya ɗaya ce kawai. Shanun ma ai sun rage wucewa. Wa zai lura? Ba kai kaɗai zuciya ke gaya wa haka ba, kuma masu yi ba miyagu ba ne. Mutane ne masu iyali, hatsi ba ya kai su shekara.

Amma bi maganar zuwa ƙarshenta. Bana ka ƙara kunya ɗaya. Maƙwabcinka na ƙetare ya gani, baɗi ya ƙara biyu, don kada a bar shi a baya. Na gaba da ku ya ce shi ma ba bare ba ne. Kafin yaron da aka haifa bana ya shiga makaranta, burtali ya koma hanyar babur. Ran nan sai ga garke a watan Agusta, za a kai su ruwa. Saniya ba ta san layi ba. Gero ya yi kai, yana kaɗawa daidai hancinta dama da hagu. Mai korar kuwa yaro ne da bai wuce shekara goma sha biyu ba, da 'yar sandarsa. Ina zai iya? Kafin a ankara an yi ɓarna. Mai gona ya fito da zafin rai, don guminsa ne. A yi cacar baki, wani ya ɗaga sanda, jini ya fita. Daga nan sai ofishin 'yan sanda, sai kotu, sai sayar da akuya don biyan kuɗin mota da na beli. Kunyar nan da ka ƙara, tiya nawa take ba ka a shekara? Biyu ko uku. Abin da rigima ɗaya za ta ci, kunyar ba za ta biya shi a shekara ashirin ba.

Ba a nan ya tsaya ba. Mai shanu ya ga hanya ta toshe, sai ya zaɓi ɗayan biyu. Ko ya riƙa wucewa da dare, ɓarna ta ƙaru, ko ya tashi gaba ɗaya. In ya tashi, takinsa ya tafi, nono ya yi tsada, mai fura ta rasa abin damu. Ardon da kuka saba da shi, wanda in baƙin shanu sun shigo shi ke gaya wa dagaci ko su wane ne, ba ya nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sannan ka tuna da gwauruwar da ke bayan masallaci, wadda ba ta da gona sai awaki uku. A bakin burtali jikanta ke yi musu ciyawa. In an nome shi, ita ce za ta fara ji a jikinta, kuma ba za ta kai ƙarar kowa ba.

Ba tsoratar da kai nake yi ba, ɗana, amma an gani. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, rigimar manoma da makiyaya ta kai ga kashe Fulani sama da ɗari, akasarinsu mata da yara. Mutanen da suke cin kasuwa ɗaya ne. Rikicin Zamfara kuwa ba sai na ba ka labari ba. Dalilansa suna da yawa, amma cinye burtali da filayen kiwo yana cikinsu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Doka ba ta yi shiru ba. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe filayen kiwo. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da fili har hekta 500 don noma, har hekta 5,000 don kiwo. A 2024 ma an kafa ma'aikatar tarayya ta kiwon dabbobi. Amma kai ma ka sani, a Makoɗa ko Kunci ko Minjibir, ina za a samo hekta 5,000 da ba mai ita? Takarda tana da amfani. Sai dai ba ita ke tsaye a bakin gonarka ranar huɗa ba. Kai ne. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗan fi mu tsari a nan. Tun dokar karkara ta 1993 suka kafa kwamitocin ƙasa da manomi da makiyayi da sarakuna ke zama tare. Suna kafa turakun siminti a gefen burtali. Hukuma ce kuma ke sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi. Ba su rabu da rigima ba, amma akwai abin nunawa in gardama ta tashi.

Addini ma ya riga doka. Malamanmu suna karantar da hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, mai nuna jama'a sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Sun bayyana cewa ciyawar da ake nufi ita ce wadda ta tsiro a filin da ba na kowa ba. Harawar da ka yanka da hannunka taka ce, ka sayar ko ka bayar. A cikin Suratul Anbiya ga labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimana, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su, suna hukunci a kan tumakin da suka shiga gona da dare. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik ga labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta yi ɓarna, aka ɗora wa masu gona tsaro da rana, aka ɗora wa masu dabba biyan ɓarnar dare. Malamai sun ƙara bayani cewa inda gonaki suke kusa, mai dabba ba zai sake ta ba mai kula ba ko da rana. Ka ga an ba kowa nasa nauyin.

Don haka kada ka ji kamar manomi kaɗai nake ɗora wa kaya. Wanda ya tura shanu cikin amfanin mutum da gangan ya yi zalunci. Wanda ya damƙa wa ƙaramin yaro garken da ya fi ƙarfinsa ya yi sakaci. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma kowane ɓangare yana da irin wakensa. In ɓarna ta same ka, Allah ya kiyaye, kada ka taɓa yaron, kada ka sari dabba. Kira shaidu biyu su gani da idonsu tun sawu bai ɓace ba. A je wurin mai unguwa, a kira Ardo. A ƙiyasta ɓarnar da adalci, kada ka ƙara ko zangarniya ɗaya. In an biya ka, kuma kana da hali, ka mayar da wani abu daga ciki a gaban mutane. Na ga an yi haka, na kuma ga ribarsa. Mutumin da ka sassauta wa yau, shi ne zai aiko maka da labari ranar da aka ga bijiminka a hannun ɓarawo. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Karatun naka kuwa kada ka ajiye shi. Muna bukatarsa ƙwarai. Ka dai sa shi inda zai kama. Filin ciyawa na musamman ba zai samu ba a gonar da ba ta kai hekta biyu ba, don ba wanda zai hana 'ya'yansa tuwo ya shuka wa tunkiya. Amma akwai wuraren da ilminka zai shiga. Iyayenmu suna da wake iri biyu, Ɗan Ila mai saurin 'ya'ya, da Kanannado mai yaɗo da yawan harawa. Cibiyar binciken noma ta IITA, wadda ke da ofishi a Kano da gonar gwaji a Minjibir, ta fitar da irin da ke ba da 'ya'ya da harawa gaba ɗaya. Nemo shi ka gwada a gefe guda, mutane su gani da idonsu. Manomi ba ya musu da abin da ya gani a gonar maƙwabci. Iyakar gonarka ka dasa mata gamba. Tana riƙe ƙasa, tohonta abincin dabba ne, in ta girma ga zana. In kana son irin ciyawa mai kyau, cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya aikinta ke nan. Harawarka ka yi mata rumfa, don rana da ruwan bazara suna cinye amfaninta tun dabba ba ta ci ba. Karan dawa in an daddatse shi ƙanana an yayyafa ruwan gishiri da dusa, dabba tana cinye kusan duka, maimakon ta tsince ganye ta tattake saura.

Gawo kuma, duk inda ka ga ya tsiro a gona, kewaye shi da ƙaya ka bar shi. Manoman Maraɗi da Damagaram sun yi haka tun tsakiyar shekarun 1980. Suna kiransa sassaben zamani. In sun zo sassabe ba sa tumɓuke kututture, sai su zaɓi toho mai ƙarfi su bar shi su rage saura. Da wannan ɗan aikin suka mai da bishiyoyi a kan miliyoyin hekta, ba tare da sun sayi dashe ba. Mu da muka fi su ruwan sama ba mu da hujja.

Abu biyu na zamani suna damuna, ka taya ni faɗa wa samari. Na farko leda. Akuya mai yunwa da bazara tana haɗiye ta, ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa ba a san dalili ba sai an yanka. Na biyu maganin feshi. Yana rage wahalar noma, gaskiya ne. Amma in ka fesa har bakin hanya, ka kashe ciyawar da yaran gari za su yanka, wani ma ya yanka bai sani ba ya kai wa tumakin uwarsa. In ka yi feshi ka sanar, ka kuma tsaya a iyakarka.

Game da shingen nan da ya faɗi, ga abin da nake so ka yi, kuma kada ka yi shi kai kaɗai. In ka tashi kai kaɗai za a ce ɗan boko ya zo nuna wa mutane iyaka. Fara da maƙwabcinka na ƙetare. Girme maka ya yi, ka je gidansa bayan la'asar, ka gaishe shi, ka ce shawara ka zo nema. Ku biyu ku je wurin mai unguwa, shi ya kai ku ga dagaci. A kira Ardo. A nemo dattawan da suka san inda tsohuwar aguwa take, tun suna da ƙafar zuwa. Inda wani ya riga ya shiga, kada a kunyata shi a bainar jama'a, a ba shi dama ya kwashe amfanin bana sa'an nan ya ja da baya. Inda aka amince a kafa alama, a rubuta a takarda, dagaci ya riƙe ɗaya, Ardo ya riƙe ɗaya. Aguwa ba ta da wuyar dashe. Da bazara ake sarar rassanta, a bar su su sha iska kwana biyu, a kafa su kusa da kusa kafin ruwa ya sauka. Ka dai gargaɗi yaran da za su taya ka su kula da farin ruwanta, kada ya shiga musu ido.